Kamawa Daban, Yin 'Ya'ya Daban

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai lambu yana yi wa mangwaro aure ya san aikin ba ya son garaje, kuma ba ya jure jinkiri. Da sassafe ake yanko reshen daga uwar da ake son irinta, a zage ganyen, a naɗe shi cikin jiƙaƙƙen tsumma don kada rana ta shanye ruwan jikinsa. Wuƙar kuwa sai mai kaifi sosai, domin yankan da ya dagargaje ba ya haɗuwa. A fere bakin reshen, a tsaga gindin da za a ɗora shi a kai, a daidaita ɓawo da ɓawo har ɗan koren nan da ke ƙarƙashin na wannan ya taɓa na wancan, sannan a ɗaure da leda tamau. Bayan mako uku ko huɗu, in an yi sa'a, sai a ga toho. A nan mai lambu zai ce ya kama. Amma ba za ka ji ya gayyaci kowa shan mangwaro ba. Ya san tsakanin tohon nan da ɗan fari da zai nuna akwai shekara uku ko huɗu na ban ruwa, da tsare shi daga awaki, da cire tsiron da gindin ke fitarwa ta ƙasa yana ƙwace wa reshen abinci.

A cikin abubuwan da muke gani yau da kullum, ban san wanda ya fi wannan kusa da tiyatar mayar da hannun da ya guntule ba. Kuma tazarar da mai lambu ya sani tsakanin kamawa da yin 'ya'ya ita ce abin da aka fi mantawa da shi in ana ba da labarin irin wannan tiyata.

Ranar 2 ga Janairu, 1963, aka kawo wani ma'aikacin masana'anta mai shekara 27, Wang Cunbo, Asibitin Jama'a na Shida da ke birnin Shanghai a ƙasar Sin. Inji ya datse masa hannun dama kusa da wuyan hannu, ya raba shi da jiki gaba ɗaya. A wancan zamanin abin da likita zai yi sananne ne: ya tsayar da jini, ya gyara bakin dungun, ya ɗinke. Wani matashin likitan ƙashi, Chen Zhongwei, da abokin aikinsa Qian Yunqing, suka zaɓi su gwada mayar da hannun. Ya rayu. Abin da ya fi rayuwar muhimmanci, ya koma aiki: Wang ya riƙe alƙalami ya yi rubutu, ya buga ƙwallon tebur, ya koma bakin sana'arsa. A shekarar aka gabatar da labarin a taron likitocin fiɗa na duniya a birnin Roma.

Kimanin wata bakwai kafin haka, ranar 23 ga Mayu, 1962, a Babban Asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka, ayarin likitoci ƙarƙashin Ronald Malt sun mayar wa wani yaro ɗan shekara 12, Everett Knowles, hannunsa na dama da ya cire daga kusa da kafaɗa sa'ad da ya ɗare jirgin ƙasa na kaya. A ranar sun haɗa ƙashi da hanyoyin jini, suka bar jijiyoyin saƙo sai bayan wasu watanni. Hannun ya yi ɗumi tun ranar farko, amma an daɗe ana jira, an kuma sake komawa ɗakin tiyata, kafin yatsun su zama abin amfani. Waɗannan biyun sun nuna cewa gaɓar da ta rabu da jiki ba ta mutu nan take ba.

Tana da sauran rai, sai dai ran a ƙirge yake. Tsoka ita ce ta fi kowane nama a hannu buƙatar iskar da jini ke kawowa, ita ce kuma ta fi saurin lalacewa. Hannun da ya guntule da tsoka a jikinsa, in an bar shi cikin zafin gari, bai cika wuce sa'a 6 yana da amfani ba. In an sanyaya shi yadda ya kamata yana iya kai wa 12. Yatsa, da yake babu tsoka a cikinsa, ya fi haƙuri: wajen sa'a 12 ba sanyi, 24 da sanyi.

Saboda haka abin da aka yi a inda hatsarin ya faru, tun kafin a ga likita, yana iya yanke hukuncin komai. Wuraren kuwa ba baƙi ba ne a gare mu: gidan injin markaɗe, wurin casar masara, rumfar masu yankan katako, garejin masu ƙarfe. Mutum ake fara ceto. A danne bakin raunin da ƙarfi da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, a kwantar da shi. In jini ya ƙi tsayawa a ɗaure sama da raunin, a riƙe lokacin da aka ɗaure don a faɗa wa likita. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko garin magani, ko man birki. Kada a ba shi abinci ko abin sha, domin za a yi masa allurar barci.

Sannan a ɗauki guntun. A naɗe shi cikin bandeji ko ƙyalle mai tsabta da aka ɗan jiƙa, a sa cikin leda a ƙulle bakinta yadda ruwa ba zai shiga ba, sai a sa ledar cikin kula mai ruwa da ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙara kai tsaye, kada a jefa shi a firiza, kada a tsoma shi tsirara cikin ruwa. Daskarewa tana kashe naman, ruwa kuma yana kumbura shi. Sanyin da ake nema wajen digiri 4 ne, wanda zai rage wa naman yunwa ba tare da ya halaka shi ba. Duk ɗan guntun da aka gani a tsince, ko da ana ganin ba shi da sauran amfani, domin likita zai iya ɗaukar fata ko jijiya daga yatsan da ba zai rayu ba ya ceci wani da ita. Kuma guntun ya tafi mota ɗaya da mai shi. Mu mutane ne masu girmama jikin ɗan Adam, abin da zai fara zo wa dattijon da ke wurin shi ne a naɗe gaɓar a binne. Niyyar mai kyau ce. Amma binnewa za ta iya jira har likita ya duba ya ce babu hali.

Akwai wani dalilin da ya sa likitoci ba sa wasa da waɗannan sa'o'i, kuma ya wuce maganar hannun. Tsokar da ta mutu tana sakin sinadarin fotashiyam da wani furotin da ke toshe ƙoda. In aka buɗe mata hanyar jini bayan ta riga ta lalace, duk wannan zai kwarara cikin jiki, ƙoda ta tsaya ko bugun zuciya ya rikice. Likitan da ya ƙi mayar da hannun da ya kwana cikin zafi ba ƙyuya ya yi ba. Ya zaɓi ran mai hannun ne.

A ɗakin tiyata yawanci kasuwa ake yi gida biyu. Wasu suna kan majiyyaci, wasu suna kan wani tebur da guntun, suna wankewa, suna yanke duk naman da ya mutu, suna nemo bakin kowace jijiya suna sa mata alama. Maganar mai lambu game da wuƙa haka take a nan. Hannun da abu mai kaifi ya datse ya fi sauƙin mayarwa. Wanda abu mai nauyi ya murƙushe ya fi wuya. Mafi muni shi ne wanda bel ɗin inji ko igiya ta fizge, domin jijiyoyin sun miƙe sun yage daga ciki har nesa da inda ido ke ganin raunin.

Abin da kan ba mutane mamaki shi ne likita yakan rage tsawon ƙashin da gangan. Fere bakin reshe ke nan. Sai an yanke gefen da ya lalace a kai ga lafiyayyen nama, kuma lafiyayyun bakunan ba za su haɗu ba tare da ja ba sai ƙashin ya ɗan gajarta. Jijiyar da aka ɗinka tana ɗame ba ta daɗewa take toshewa. Inda tazarar ta yi yawa, sai a ciro guntun jijiyar jini daga ƙafa ko wani gefen hannun a cike giɓin.

Ƙashi ake fara kafewa da wayoyi ko ƙarfe da kusoshi, domin komai a kansa zai zauna. Sai agara, igiyoyin nan da ke ɗauko ƙarfin tsoka su kai yatsu; fiye da ashirin ne ke ratsa wuyan hannu, kowace sai an nemo 'yar'uwarta an haɗa su. Sai manyan jijiyoyi biyu masu kawo jini, da jijiyoyin saƙo uku masu ɗauke da ji da umarnin motsi, da jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya, sannan fata. In lokaci ya ƙure, akan fara zura ɗan bututun roba tsakanin bakunan jijiyar jini don jini ya riƙa isa hannun kafin a gama sauran aikin. Tiyatar takan ci sa'a takwas, goma, ko fiye.

Ɗinkin jijiyar jini shi ne ɓawo da ɓawo na wannan aiki, kuma yana da nasa tarihin. A 1894 aka daɓa wa shugaban Faransa, Sadi Carnot, wuƙa a birnin Lyon. Wuƙar ta yanke babbar jijiyar jini ta hanta, manyan likitocin garin suna tsaye ya rasu, domin babu wanda ya iya ɗinke jijiya ta ci gaba da aiki. Alexis Carrel ɗalibin likita ne a garin a lokacin. Masu rubuta tarihinsa sun ce har wurin masu ɗinkin ado na Lyon ya je koyon sarrafa siririyar allura. A 1902 ya wallafa dabararsa: a kafa zare uku a kewayen bakin jijiyar, a ja su, da'irar ta zama mai kusurwa uku, sai a bi kowane gefe a miƙe. A 1912 aka ba shi kyautar Nobel. Amma ƙananan jijiyoyi sun ci gaba da gagarar ido har 1960, lokacin da Julius Jacobson da Ernesto Suarez a jihar Vermont ta Amurka suka nuna ana iya ɗinka su ƙarƙashin madubin tiyata mai ƙara girman abu. A 1965 kuma Shigeo Komatsu da Susumu Tamai a Nara ta Japan suka mayar da babban yatsan da ya guntule gaba ɗaya.

Jijiyar jini a wuyan hannu faɗinta milimita 2 zuwa 3 ne; ta yatsa wajen milimita 1. A kewayen wannan ɗan bakin likita zai jera ɗinki shida, takwas ko fiye, da zaren da ya fi gashin kai siranta, kuma in allurar ta kamo bangon baya ko sau ɗaya hanyar ta toshe. Ina ganin duk wanda ya san wannan ba zai ƙara kallon likitan hannu da idon da yake kallonsa a da ba.

Wani lokaci reshen lafiya lau yake, gindin ne ya lalace. A 2013, a birnin Changsha na ƙasar Sin, aka kawo wani matashi da inji ya cire wa hannun dama, dungun kuma ya murƙushe yadda ba zai karɓi komai ba a ranar. Likitocin suka haɗa hannun da jijiyoyin jinin da ke kusa da idon sawunsa, ya zauna a can yana shan jini wajen wata guda, har dungun ya warware aka mayar da shi mazauninsa. Marko Godina, wani likita a Ljubljana, shi ya fara bayyana wannan dabara a shekarun 1980.

In aka saki abin da ya matse jijiyar, jini ya shiga, farin hannu mai sanyi ya fara yin ja yana ɗumi, wannan ne lokacin da ake ɗaukar hoto. Amma kwana biyu zuwa uku na farko kan siraɗi ake. Ma'aikatan jinya sukan duba kowace sa'a: launi, ɗumi, da yadda jini ke komowa in an danna farce an saki. Hannun da ya yi fari ya yi sanyi, jini ba ya shiga. Wanda ya yi shuɗi-shuɗi ya kumbura, jini yana shiga ba ya fita, kuma wannan matsalar ba ƙarama ba ce, domin jijiyoyin da ke mayar da jini bangonsu siriri ne, sun fi wuyar ɗinki, sun fi saurin toshewa. Shi ya sa likitoci ke ƙoƙarin haɗa biyu daga cikinsu a kan kowace ɗaya mai kawowa.

Inda aka rasa jijiyar da za a ɗinka, musamman a kan yatsa ko kunne, asibitocin da suka fi kowa kayan aiki sukan koma ga matsattsaku. Yawunsa yana ɗauke da wani sinadari mai hana jini daskarewa, don haka bayan ya sha ya faɗi, wurin yakan ci gaba da tsattsafo jini na sa'o'i, cunkoson ya ragu, har jiki ya tsiro da sababbin ƙananan hanyoyi cikin 'yan kwanaki. A 1985 Joseph Upton a Boston ya ceci kunnen wani yaro ɗan shekara biyar da wannan hanya, a 2004 kuma hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da matsattsaku a matsayin kayan aikin likita. Ba na rafi ake kamowa ba. Kiwonsu ake yi musamman, kuma ana haɗawa da maganin kashe ƙwayoyin cuta.

A waɗannan kwanaki taba haramun ce ga majiyyaci, har hayaƙin ta wani, domin nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyi. Likitoci da yawa sukan hana kofi saboda kafeyin, wanda goro ma ke ɗauke da shi. Mai zuwa dubiya da goro a aljihu ya fara tambaya kafin ya miƙa.

A wuri guda ne mangwaro ya fi mu sauƙin hali: yana karɓar reshen wata bishiya. Jikin mutum ba ya karɓar naman wani sai an danne garkuwarsa da magani har ƙarshen rayuwa. A Satumban 1998, a Lyon ɗin nan dai, ayarin Jean-Michel Dubernard ya dasa wa Clint Hallam, mutumin New Zealand, hannun wani mamaci. Bai riƙe shan maganin yadda ya kamata ba, jiki ya ƙi hannun, a 2001 aka cire shi. Matthew Scott, da aka yi wa irin wannan dashe a Louisville ta Amurka a Janairun 1999, ya riƙe nasa fiye da shekara ashirin, amma da magungunan da ke buɗe ƙofa ga cututtuka kuma suna wahalar da ƙoda. Hannun mutum na kansa ba ya buƙatar ko ƙwaya ɗaya daga cikinsu. Wannan kaɗai ya isa dalilin tsince guntu a sa a leda.

To, hannu ya kama. Ya yi ɗumi, farce yana tsirowa, an cire zare, 'yan'uwa sun yi barka. Mai shi kuwa yana kallonsa kamar na wani. Ba ya jin taɓawa, ba ya jin zafi, ba ya jin sanyi. A nan ne gizo ke saƙar.

Jijiyar jini da an ɗinka ta take aiki. Jijiyar saƙo ba haka take ba. Dubban siraran zaruruwa ne a cikinta, kowanne tushensa yana can kusa da laka. Da zarar an yanke, duk abin da ke gaba da yankan sai ya ruɓe ya narke, ya bar kwasfarsa kawai. Augustus Waller ne ya bayyana haka a 1850, daga binciken da ya yi a kan kwaɗi. Abin da likita ke ɗinkawa kwasfar ce. Zaruruwan da kansu sai sun sake tsirowa daga bakin yankan, su bi tsohuwar hanya, kuma tafiyarsu wajen milimita ɗaya ce a rana. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsan tsakiya kusan santimita 18 zuwa 20 ne, wato fiye da wata shida. In daga saman gwiwar hannu aka yanke, ana maganar shekara ɗaya da rabi. Babu kuɗin da ke ƙara wa wannan tafiya sauri.

Ana iya bin sawunta. Likita yakan ƙwanƙwasa kan hanyar jijiyar da yatsa, inda majiyyaci ya ji wani tsirrr ya harba zuwa yatsu, nan tsiron ya iso. Jules Tinel, likitan Faransa, ya bayyana wannan alama a 1915 daga sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wata bayan wata wurin yana matsawa gaba, kuma ga wanda ya daɗe bai ji komai ba wannan ɗan zugin albishir ne.

Sai dai tsoka ba ta jira har abada. In ta yi shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi saƙo bai iso ta ba, takan shanye, ko ya iso daga baya ba za ta amsa ba. Wannan ne ya sa hannun da ya guntule a wuyan hannu, irin na Wang, ya fi wanda ya guntule can sama samun sa'a. Manyan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu da miƙe su ba a tafin hannu suke ba, suna tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, yankan bai taɓa su ba, saƙonsu bai yanke ba. Da agara ta warke za su iya ja. Ƙananan tsokokin cikin tafi, masu ware yatsu da kawo babban yatsa ya fuskanci sauran, su ne ke jiran tsiron, kuma su ne suka fi yawan ƙin dawowa sosai. Shi ya sa mutum kan iya ɗaukar bokiti da hannun da aka mayar amma ɓalla maɓallin riga ya gagare shi.

Chen Zhongwei bai yaudari kansa da ɗumin hannu ba. Ya tsara ma'aunin sakamako mai daraja huɗu wanda har yau ake aiki da shi. Ta farko, mutum ya koma aikinsa na da. Ta biyu, ya iya wani aikin da ya dace da shi. Ta uku, ya iya hidimar kansa ta yau da kullum. Ta huɗu, hannun yana da rai amma kusan ba ya komai. Mutumin da duniya ta yaba wa don ya rayar da hannu, shi da kansa ya ajiye rayuwa kaɗai a matakin ƙasa. Wannan gaskiyar tasa ta fi burge ni a kan tiyatar 1963.

Daga nan za a fahimci abin da ya sa ba kowace gaɓa ake mayarwa ba ko da ana iyawa. Babban yatsa ana ƙoƙari a kansa kusan kullum, domin ana ƙiyasta shi da kashi 40 cikin 100 na aikin hannu. In ya salwanta har yatsan ƙafa ake ɗaukowa a maye gurbinsa. Yatsu da yawa in sun tafi tare, ana ƙoƙari. Yaro ƙarami, ana ƙoƙari a kan kusan komai. Amma yatsa guda na babban mutum da ya yanke kusa da tushe yakan dawo a sandare, yana tokare sauran, bayan mai shi ya yi watanni bai nemi na cefane ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. A 1982 Paul Brown ya wallafa bincike a kan likitocin fiɗa 183 da suka rasa wani sashe na hannu. Uku kacal suka ce rashin ya nakasa aikinsu.

Ga wanda aka mayar wa hannu kuwa, aikin da ya rage nasa ne, shi da masu gashin ƙashi. Agarar da aka ɗinka tana son ta manne da naman da ke kewaye da ita. In aka bar hannun ba motsi, komai ya haɗe ya zama dunƙule ɗaya. In aka matsa masa da wuri, ɗinkin ya tsinke. Tsakanin waɗannan biyu ake tafiya: abin tallafe hannu da aka ƙera daidai da shi, motsi kaɗan-kaɗan da likita ya ƙayyade tun makonnin farko, sau da yawa a rana, kowace rana. Akwai zafi, akwai gajiya, kuma ci gaban mako guda ba ya ganuwa. Da yawa sai an sake yi musu tiyata don a ɓanɓare agarar da ta manne, ko a karkato da wata ta yi aikin tsokar da ba ta dawo ba. A nan ne ake yawan asarar hannun da likita ya kwana yana ɗinkawa, ba don ya ruɓe ba, sai don kuɗin mota zuwa asibiti ya ƙare, ko don an ga ya warke an daina zuwa. Dangin da suka haɗa kuɗin tiyata a dare ɗaya su san kashi na biyu na hidimar ya fi tsawo, kuma ba shi da masu kallo.

Ƙwaƙwalwa ma sai ta sake karatu. Zaruruwan da suka tsiro ba kowanne ke komawa tsohuwar kwasfarsa ba. Wanda a da yake kawo labarin yatsan nuni yana iya ƙarewa a na tsakiya, sai a taɓa wannan mutum ya ji a wancan. Saƙon yana isowa, amma a hargitse. Shi ya sa ake zaunar da majiyyaci a sa masa makulli, ko tsabar kuɗi, ko ƙwayar wake, ko guntun yadi a hannu, ya kalla yana shafawa, ya rufe ido ya shafa, ya buɗe ya gani ko ya canka daidai. Da maimaici ƙwaƙwalwa ke koyon cewa wannan baƙon ji shi ne makulli yanzu. Yara sun fi manya nisa a wannan fanni, ba don tazarar da jijiyarsu za ta yi gajera ce kawai ba, har da cewa ƙwaƙwalwarsu ta fi saurin sake shiri. Babba yakan samu jin da zai gane zafi da kaifi da taɓawa; jin da zai bambance kwabo da maɓalli cikin aljihu ba kowa ke kai wa gare shi ba.

Kafin jin ya dawo, ido ne mai gadin hannun. Mutum zai iya dafa tukunyar da ke kan wuta ko salansar babur ya ƙone har nama bai sani ba, don haka ruwan wanka da na alwala a gwada shi da lafiyayyen hannun tukuna. Fatar takan bushe ta tsage saboda ba ta yin gumi, sai ana shafa mata mai. Sanyi kuma yakan zama abokin gaba na shekaru: yawancin waɗanda aka mayar wa hannu ko yatsa suna kukan zugi da ƙagewa in gari ya yi sanyi, har wanda komai nasa ya yi kyau. Mai irin wannan hannu ya tanadi safar hannu tun kafin hunturu ya shigo. Likitoci kuwa ba sa ce masa ga iyakar abin da zai samu sai an yi wajen shekara biyu, domin ji yakan ci gaba da gyaruwa har bayan nan ga wanda bai daina sa hannun aiki ba.